Taswira da Zango a Hanyoyin Yammacin Zamfara

Tun kafin a shimfiɗa kwalta a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, fatake ba su auna nisan hanya da mil ko kilomita ba, da zango suke auna ta, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana bayan tafiyar yini guda, inda ake samun ruwa da ciyawar jakuna da matan da ke sayar da fura da tuwo. Sanin waɗannan wurare yana kan madugu, shugaban ayari, da jagaba mai shiga gaba, don haka taswirar wancan zamani a ƙwaƙwalwa take, ana kuma gadonta kamar yadda ake gadon kowace sana'a. Ko da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen Birtaniya Clapperton taswirar ƙasar a 1824, abin da ta fi nunawa shi ne garuruwa da koguna, ba rijiyar da za a sha ko bukkar da za a ci abinci ba.

Zuwan jirgin ƙasa Gusau da Kaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya karkatar da fatauci gabas, ta yadda gyaɗa da audugar yamma suka koma neman tashar jirgi, hanyar mota kuma ta biyo bayansu. Hanyar da ta rabu da babban titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta ratsa Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, ta bi ta Daki Takwas zuwa Gummi, ita ce ta zama ƙashin bayan yankin, musamman bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, lokacin da ma'aikaci da ɗalibi da mai neman takarda suka daina dosar Sakkwato suka fuskanci Gusau. Zango bai mutu ba, suna ya sauya ya koma tasha da mararraba. A Daki Takwas, inda hanyar Zuru ta ɓalle, direba kan tsaya ne gaban teburin mai shayi da ya jera gwangwanayen madara da burodi, ko gaban mai tsire da ke barbaɗa yaji a kan takarda, yayin da ɗan kamasho ke kiran sunayen garuruwa, wanda kusan aikin jagaba ne a sabuwar riga.

Ƙauyukan da ke nesa da kwalta kuwa, irin su Tungar Daji, ba kasuwa ce ta sa duniya ta san sunansu ba, masifa ce. A 2010, da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum, ma'aikatan lafiya suka riƙa lissafa Bagega, Dareta, Abare, Yargalma da Tungar Daji cikin rahotanninsu, alhali mai babur ya daɗe da sanin kowace kwana da kowane rafi da ke yanke hanyarsu da damina.

Taswirar wayar hannu, wadda ke dogaro da tauraron ɗan'adam da intanet, tana iya zana titi daidai, amma ba ta san wace hanya ce ke da lafiya bayan la'asar ba tun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar cikin Satumbar 2021, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, matafiyin da zai je Gummi ya koma tambayar direbobin tasha ko wace mota ce ta iso daga can da safe.