Yadda Za Ka Tantance Littafin Magani Kafin Ka Yi Aiki Da Shi

A ƙauyukan gefen dajin Kamuku, inda rashin tsaro ya sa zuwa babban asibitin Birnin Gwari ya yi wuya shekara da shekaru, gidaje da yawa sun dogara ga ƙananan littattafan magani da ake sayarwa a kasuwa da tasha. Wasunsu suna da amfani, wasu kuwa suna iya jawo asarar rai. Ga abin da za ka duba.

Fara da bangon. Wane ne marubucin, kuma a ina ya koyi aikin? Kalmar "Dakta" ita kaɗai ba hujja ba ce, domin likitan asibiti a Najeriya dole ya kasance da rajistar hukumar MDCN. Duba shekarar bugu kuma. Tun 2005 Najeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro daga kulorokwin zuwa haɗin ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin tsohon maganin. Littafin da har yanzu yake ba da shawarar kulorokwin ya tsufa, kuma akwai yiwuwar sauran shafukansa ma haka suke.

Gwaji mafi sauƙi ga mutumin karkara shi ne babin saran maciji, tunda manomi da makiyayi da mai itace duk suna haɗuwa da kububuwa. Idan littafin ya ce a tsaga wurin da reza, a tsotse dafin, a ɗaure ƙafar tamau da igiya, ko a manna baƙin dutse, to ajiye shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cire dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka tsaga ƙara zubar jini take yi, ɗaurin kuma yana iya kashe ƙafar har a kai ga yanke ta. Littafin kirki cewa zai yi a cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi ba tare da jinkiri ba, ko da yana ganin kamar lafiyarsa lau.

Yi hattara da littafin da magani ɗaya yake warkar da ciwon suga, hawan jini, sikila da rashin haihuwa gaba ɗaya, musamman in a shafin ƙarshe akwai lambar wayar da za a kira a saya. Wannan talla ce aka yi wa bango. Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya tana nuna an duba cewa ba ya cutarwa ne kawai, ba ta tabbatar da cewa yana warkarwa ba.

Ko abu mai albarka irin zuma yana da ƙa'ida: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikinsa. Marubuci mai ilimi yakan faɗi irin wannan iyaka, da adadin da za a sha, da alamun da in an gani sai asibiti.

Idan littafi ya ce ka bar allurar insulin ko maganin hawan jini, kada ka bari. Tafi da littafin ranar da za ka ga likita ko ma'aikacin lafiya na garinku, ka nuna masa shafin.