Tarihin Karatun Makafi da Kurame a Wajenmu: Daga Zauren Malam Zuwa Gindiri

 Yau ina so mu waiwayi wani ɓangare na tarihinmu da ba a cika tayar da zancensa a majalisa ba, wato yadda aka yi da karatun yaranmu makafi da kurame da guragu tun zaman kakanninmu a Kafanchan.

Kowa ya san jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Layin dogo ya iso a wajajen 1927, hanya ta rabu, ɗaya ta yi Kaduna ɗaya ta yi Jos, 'yan kasuwa da leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Katsina suka tarar da 'yan uwansu da suka daɗe a ƙasar Jama'a, a 1933 kuma fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan. To shi Bahaushe duk inda ya yada zango da tsarinsa yake zuwa, kuma a tsarin nan nakasassu suna da shugabanninsu, akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai na kutare. Su ke sasanta rigima, su karɓi baƙo, su tsaya a kan aure da suna. Sai dai fa wannan tsari na zaman duniya ne da neman abinci, kuma abincin mafi yawa ta hanyar bara yake zuwa, in ka ɗebe makafin da ke tufkar igiya.

Wajen karatu kuwa, makarantar allo ta yi wa makaho adalcin da ba a faye yaba mata ba. Karatun da kunne ake ɗaukarsa, malam ya biya yaro ya maimaita, don haka makaho ba ya baya, sau da yawa ma shi ke riga masu ido haddacewa. Malamai kuma suna da hujja a hannu, tunda kowane ɗalibi ya san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, sahabin nan makaho da ya yi ladanci a Madina. Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma ta wannan hanya ya yi ilminsa har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Shi ma gurgu ba shi da matsala sosai, don a ƙasa ake zama a zauren malam, babu matakala babu benci. Wanda aka bari a baya shi ne kurma. Kurame suna da harshensu, maganar hannu, wanda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta yi bincike a kansa a Kano ta fitar da littafi a shekarar 2000, amma a kasuwa da dandali ake koyonsa, bai shiga zauren malam ba.

Da boko ya zo sai lissafin ya juye. Komai a baƙin allo ake rubuta shi da alli, jarrabawa a takarda, aji kuma a kan dakali mai tsawo. Makahon da ke jan baƙi a zaure ya zama ba shi da wurin zama a firamare.

Turawan mishan ne suka fara neman mafita. A 1953 mishan ɗin SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, ita ce ta farko a Nijeriya. A can ake koyar da rubutun Braille, wanda wani makaho Bafaranshe, Louis Braille, ya ƙirƙiro da ɗigo shida masu tudu da ake shafawa da yatsa. Daga cikin waɗanda suka fito daga Gindiri akwai marigayi Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya yi aikin gashin ƙashi a asibitin koyarwa na jami'ar Zariya, ya kuma kafa ƙungiyar Hope for the Blind a garin. Su kuma kurame, wani baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe musu makaranta a Ibadan a 1960. Da maganar hannun Amurka ya zo, shi ya sa har yau yaron da ya je makarantar kurame yakan dawo gida da alamun da kurman kasuwa bai sani ba.

Gindiri ba ta da nisa da mu, a wancan lokacin jirgin Jos ma a ƙofarmu yake tsayawa. Amma iyayenmu ba su saki jiki da ita ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: makarantar kwana ce ta mishan, uba yana tsoron ya miƙa yaro makaho ɗan shekara bakwai ya dawo masa da wani addini. Ni ban ga laifin tsoron ba. Abin da nake gani laifi shi ne ba a yi wani abu a madadinsa ba. Attajiranmu sun gina masallatai da Islamiyyu, Allah ya saka musu, amma da wuya ka ji wanda ya ɗauki nauyin malami ɗaya ya je ya koyo Braille ko maganar hannu ya dawo unguwa.

Ga shi kuma yankin ba ya rasa masu buƙata. Ƙauyukan bakin rafi a jihar nan sun sha fama da makantar da wani ɗan baƙin ƙuda ke jawowa, har ma a Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi gwajin maganin Mectizan bayan kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta a 1987. Ƙyanda da sanƙarau sun makantar sun kurmantar, shan inna kuwa sai a 2020 aka tabbatar an rabu da ainihin ƙwayarta a Afirka.

Gwamnati ta shigo da ƙarfinta ne bayan shirin UPE na 1976. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ware babi a kan ilmin nakasassu, a shekarar aka buɗe kwalejin horar da malamansu a Oyo da makarantar Tudun Maliki a Kano. Jiharmu ma ta yi tata makarantar kurame da makafi, amma a cikin garin Kaduna, tafiyar awa uku ko fiye daga nan. Ɗan kasuwar da ke lissafin kuɗin mota da na sabulu da ranar da zai rufe shago don ziyara, sau da yawa sai ya ce a bari sai baɗi.

Yanzu dai doka ta canza, har sunan ma an sauya, ana cewa masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keken guragu. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Hukumar JAMB kuma a 2017 ta fara shirya wa makafi jarrabawa ta daban a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, a karanta musu tambaya su amsa da Braille ko na'ura.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne yawancin gyaran da yaro ke buƙata ba sai an kai shi Kaduna ba. Mai raunin gani a zaunar da shi layin gaba, a rubuta masa da manyan baƙaƙe. Mai raunin ji malam ya fuskance shi in yana magana, kada ya juya wa allo yana bayani. Gurgu a saukar da ajinsu ƙasa, a gyara masa ƙofar bayi, wanda rashinsa kaɗai ya kori yara mata da yawa daga makaranta. A ƙara wa mai jinkirin rubutu lokaci a jarrabawa. A makarantar da na gama, buhun siminti biyu zai isa a shafe dakalin ƙofar aji keke ya hau, amma wa'adin shekara biyar ɗin nan ya cika tun Janairun 2024, dakalin yana nan yadda na bar shi.