Kaya Kafin Jirgi: Abin da Jiragen Dakon Gas na Katar Ke Nunawa

Unguwar Al Gharrafa, wadda ke gundumar Al Rayyan a arewa maso yammacin tsakiyar Doha, ba ta da gaɓar teku. Manyan kantuna irin su Landmark da Lulu ne suka yi mata suna, sai filin ƙwallon Thani bin Jassim, sai babbar hanyar Al Shamal da ta bi ta gefenta ta miƙa arewa, wajen Ras Laffan inda ake lodin iskar gas. Amma akwai wani ƙaton jirgin ruwa da ke ɗauke da sunanta. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ne ya ƙera shi, ya fara aiki a 2008. Tsawonsa mita 315, kuma yana ɗaukar kimanin kubik mita 216,000 na gas ɗin da aka sanyaya har ya zama ruwa. Ɗaya ne daga cikin jiragen Nakilat, kamfanin da Katar ta kafa a 2004 don dakon gas ɗinta.

A ƙarshen Disamba 2013 wannan jirgi ya yi karo da wani jirgin kwantena mai suna Hanjin Italy a kusa da Singafo. Goshinsa ya lotsa, gas bai zuba ba, aka gyara shi ya koma bakin aiki. Kamfanin Hanjin kuwa, wanda ya kai matsayi na bakwai a dakon kwantena a duniya, bai ƙara cika shekara uku ba ya durƙushe. A watan Agusta 2016 ya nemi kariyar kotu, tashoshi suka riƙa ƙin karɓar jiragensa don gudun kada kuɗinsu ya maƙale, kayan 'yan kasuwa suka yi makonni a kan ruwa. A Fabrairu 2017 kotu a birnin Seoul ta rufe shi.

Hujjar wannan maƙala ita ce: abin da ke riƙe kamfanin jiragen ruwa shi ne tabbacin kayan da zai ɗauka, yawan jirage da girmansu suna zuwa ne daga baya. Hanjin yana farautar kaya a kasuwar da jirage suka yi wa yawa, kuɗin dako ya faɗi warwas, ga tsadar hayar jiragen da ya ɗauka tun kasuwa na ci. Nakilat kuwa tun kafin a yanka ƙarfen jirgi an san wanda zai yi shatarsa, da shekarun da zai yi yana biya.

Tarihin ya nuna yadda aka jera matakan. An gano babban filin gas na arewacin Katar a 1971, amma ya daɗe kwance, domin masu saye suna nesa kuma bututu ba zai kai musu ba. Mafita ita ce a sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, inda girmansa ke raguwa kusan sau 600, a zuba shi a jirgi. Sai da kamfanin wutar lantarki na Chubu a Japan ya ɗaure kansa da yarjejeniyar saye ta shekaru masu yawa, sannan jirgin Al Zubarah ya tashi daga Ras Laffan da lodin farko a ƙarshen 1996. Da aka zo faɗaɗa aikin, aka yi odar jirage 45 daga Hyundai da Samsung da Daewoo: 31 samfurin Q-Flex, wanda Al Gharrafa ke ciki, da 14 samfurin Q-Max mai tsawon mita 345 da ke ɗaukar kimanin kubik mita 266,000. An kammala su tsakanin 2007 da 2010, aka ba kamfanonin gas na Katar, Qatargas da RasGas, shatarsu ta shekara 25. Da irin wannan takarda a hannu, bankuna ba su yi nauyin hannu wajen ba da bashi ba.

Girman jiragen ma lissafi ne. An nufi kasuwannin Ingila da Amurka masu nisa, kuma jirgin da ya kusa ninka na da a ɗaukar kaya yana rage kuɗin dakon kowane tan. Lissafin Amurka bai ci ba, domin ta haƙo nata gas daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa har ta koma mai sayarwa. Amma jirgi yana iya juya akala. Bayan bala'in tashar nukiliya ta Fukushima a Maris 2011, Japan ta buƙaci ƙarin gas da gaggawa, jiragen Katar suka karkata gabas.

Ƙwarewar tuƙi kuma ba a yi gaggawar cewa an iya ba. Kamfanin Shell ne ya fara kula da jirage 25 da Nakilat ya mallaka shi kaɗai, sai a 2016 aka amince a riƙa miƙa wa Nakilat ragamarsu kashi-kashi.

Masu ja da wannan hujja za su ce Katar daban take: mutane kaɗan, kuɗi jingim, haja guda ɗaya a hannun gwamnati. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita kanta Katar ta san iyakar dabarar. A harkar kwantena, inda kaya na dubban 'yan kasuwa ne kuma babu mai ɗaure kansa shekara 25, ba ta dage ba. Ita ce mai kaso mafi girma a kamfanin UASC da ƙasashen Larabawa shida suka kafa a 1976, amma a Mayu 2017 ta yarda aka haɗe shi da Hapag-Lloyd na Jamus, ta karɓi hannun jari a madadinsa.

Bayan 'yan kwanaki wata iyakar ta bayyana. Ranar 5 ga Yuni 2017 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar. Aka rufe Abu Samra, ƙofarta ɗaya tilo ta ƙasa, aka kuma hana kayanta bi ta Jebel Ali a Dubai, inda manyan jirage suka saba sauke mata kwantenoni ƙananan jirage su ƙarasa da su. Mutane suka yi dafifi a kantunan Doha suna sayen abinci. Jiragen gas sun ci gaba da fita, kuɗi na shigowa, amma babu ko ɗaya cikinsu da zai iya ɗauko buhun shinkafa. Tashar Hamad da ke Umm Al Houl, wadda ta fara cikakken aiki a Disamba 2016, da ƙananan jiragen Milaha, tsohon kamfanin da aka kafa a 1957, su suka cike giɓin ta hanyar Sohar da Salalah a Oman. Jirgin da aka ƙera don haja ɗaya, ita kaɗai yake yi wa aiki.

Haka kuma jirgi ba ya sauya taswira. Duk lodin da ya tashi daga Ras Laffan zuwa kasuwanni masu nisa sai ya bi ta mashigin Hormuz, ba shi da wata hanya. A Janairu 2024, da hare-haren 'yan Houthi suka tsananta a Bahar Maliya, jiragen da ke zuwa Turai suka koma zagaye Afirka ta kudu, tafiya ta ƙara tsawo, tsada ta ƙaru. Duk da haka QatarEnergy, kamfanin makamashi na gwamnatin Katar, ya yi odar sababbin jirage 128 a Koriya da Sin, a daidai lokacin da yake ƙulla yarjejeniyoyi irin ta shekara 27 da kamfanin Sinopec na Sin a Nuwamba 2022.

Ko dabarar za ta yi aiki a wajen Katar? Nijeriya ta gwada hanyoyin biyu. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, an kafa shi a 1959, jiragensa na farko suna ɗauke da sunaye irin su Dan Fodio da El Kanemi da King Jaja. A 1977 gwamnati ta yi odar sababbin jirage 19 da kuɗin man fetur, a lokacin da kasuwar duniya ke komawa kwantena. Kaya ba su tabbata ba, gyara ya gagara, bashi ya taru har aka riƙa tsare jiragen a tashoshin waje. A 1995 aka rushe kamfanin. Bonny Gas Transport kuwa, wanda aka kafa a 1989 don dakon gas ɗin kamfanin NLNG, yana nan yana aiki tun lodin farko na Oktoba 1999, kuma cikin jiragen da ya mallaka har da LNG Sokoto da LNG Adamawa. Ƙasa ɗaya ce, teku ɗaya. Bambancinsu shi ne na biyun yana da mai kaya tabbatacce da shata mai tsawo.

Maganar farfaɗo da kamfanin jiragen ruwa na ƙasa takan dawo kusan a kowace gwamnati, kuma takan fara ne da yawan jiragen da za a saya. Kayan da za su iya riƙe jirgi suna nan: ɗanyen mai, wanda masu saye ke turo jiragen waje su ɗauka, da tataccen mai da takin zamani daga Lekki. Riɗi da zoɓo da citta da ke tasowa daga Arewa kuwa kayan kwantena ne, sun fi buƙatar layin dogo mai aiki daga tashar tudu ta Dala a Kano zuwa Legas. Ya kamata 'yan majalisa su ƙi amincewa da kuɗin sayen kowane jirgi har sai an ajiye musu yarjejeniyar shata mai ɗauke da sunan mai kaya, da yawan kayan, da shekarun da zai yi yana biya.