Masu Kala: Manomi a Zane da Hoto

A shekarar 1857 wani mai zane Bafaranshe, Jean-François Millet, ya baje wani zane a birnin Faris: mata uku sun sunkuya suna kala a gonar alkama bayan girbi, can nesa ga tulin dammuna da wakilin mai gona bisa doki. Attajiran birnin ba su yi murna da shi ba, domin ya tuna musu da talakan da suka fi so su manta. Duk wanda ya taɓa ganin mata da yara suna roron gyaɗa a gonakin Rogo ko Ƙaraye da kaka, ba ya bukatar tafinta a gaban wannan zane.

To, zane guda ne, yana rataye a ɗaki guda. Abin da ya yaɗa aikin Millet shi ne hoto. Tun daga shekarun 1860 kamfanin Adolphe Braun da ke Dornach ya riƙa ɗaukar hotunan zane-zane, yana buga su da garin gawayi wanda ba ya saurin koɗewa. Launi ya salwanta, amma sunkuyon baya da nauyin aiki sun tsira. Daga irin waɗannan kwafe marasa launi Van Gogh ya sake zana manoman Millet a 1889 da 1890, ya sa musu launin da ransa ya ba shi.

A wannan shekara ta 1857 ɗin dai aka fara buga littafin tafiye-tafiyen Barth, wato Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851. Bernatz ne ya gyara zane-zanensa aka buga su da dutse, har da Kano kamar yadda ake hango ta daga Dala. Birni ne ya tsaya a gaba. Manomin da ya ciyar da birnin bai sami irin wannan gata ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai masu ɗaukar hoto suka karkata ga dalar gyaɗa. A ganina nan ne aka yi wa manominmu ƙwange: an nuna buhu, an ɓoye hannun da ya riƙe fartanya. Ko takardar naira 200 da ta fito a 2000, dalar buhuna da shanu da kayan lambu aka zana a bayanta.