Alkamar Kadawa da Alkamar Jirgin Ruwa

Tun zamanin da mutanen ƙasar Kano sun san alkama. Da rani ake noma ta a fadama, ana ba ta ruwa da jigo. Ba ta kuwa da yawa, shi ya sa alkaki da taliya suka zama abincin sarakuna da attajirai.

Burodi ne ya sauya al'amarin. A 1962 aka buɗe babban injin niƙa a Apapa, cikin Ikko, watau Legas, jiragen ruwa suka shiga kawo masa alkama, yawancinta daga Amurka. Da gwamnati ta ga kuɗin ƙasa na zurarewa waje, sai ta ƙudura a noma ta a gida. Aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ja hanyoyin ruwa zuwa Kadawa, a ƙasar Garun Malam, da Kura da Bunkure.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. Manomin Kadawa yana zaton da maƙwabcinsa yake gasa a kasuwa, ashe da baitulmalin Amurka ne. Tun 1933 gwamnatin ƙasar nan take tallafa wa manomanta don kada farashin hatsi ya karye musu. Suka yi ta noma har rumbuna suka cika suka batse, aka rasa masaya. A 1985 kuma ta soma ba 'yan kasuwarta lada a kan alkamar da suka sayar waje, domin tana takara da ƙasashen Turai, su ma masu irin wannan tallafi. Farashi ya faɗi a duniya duka. Wannan ba gudummawa ba ce, ba kuma don mu aka yi dokokin ba, amma sun iske mu har gona.

Gaskiya ba laifin baƙi ne kaɗai ba. Alkama tana son sanyin hunturu, namu kuwa gajere ne, wanda ya makara da shuka zafin Maris ya cinye masa amfani. Darajar naira ta lokacin arzikin mai ita ma ta ƙara wa kayan waje araha.

A farkon 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama. Nan da nan ta yi daraja, manoman Kadawa suka duƙufa, har waɗanda ba su taɓa shuka ta ba. Amurka ba ta ji daɗi ba, gama Nijeriya babbar kasuwarta ce, ta yi ta matsa lamba. Masu injin niƙa da masu gidan burodi suna kuka, 'yan fasa-ƙwauri na shigo da fulawa ta kan iyaka. A ƙarshen 1992 aka janye hanin.

Jirage suka komo Apapa. Manoma da yawa a Garun Malam da Kura suka mai da hankali ga shinkafa da tumatir da albasa, aka bar wa alkama 'yan kadada kaɗan.