Tsarin MDLP: Yadda faifan MiniDisc na minti 80 ke ɗaukar sautin fiye da awa biyar

MDLP suna ne na tsarin tsawaita lokacin ɗaukar sauti a na'urorin MiniDisc, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da shi a shekarar 2000. Shi kansa MiniDisc ya shigo kasuwa ne a 1992, da nufin ya gaji kaset. Ɗan ƙaramin faifai ne mai faɗin milimita 64 da ke cikin gidan roba, ana ɗaukar sauti a kansa, a goge, a sake ɗauka. Ya fi samun karɓuwa a Japan, sai kuma Turai, kuma gidajen rediyo da 'yan jarida sun daɗe suna aiki da shi.

Faifan na zuwa ne da tsawon minti 60, 74 ko 80. Na'urar da ke da MDLP tana ba mai ita zaɓi uku. Akwai SP, wato tsarin asali, wanda ke bayar da adadin mintocin da aka rubuta a jikin faifan. Akwai LP2, mai ninka lokacin sau biyu, sai LP4, mai ninka shi sau huɗu. Ke nan faifan minti 80 zai ɗauki minti 160 a LP2, ko minti 320 a LP4, wato awa biyar da minti ashirin. Tun kafin zuwan MDLP akwai tsarin mono da ke ninka lokacin sau biyu, amma ta hanyar haɗe sautin hagu da na dama ya zama guda.

Daga ina ƙarin lokacin ke fitowa?

Waɗanda suka yi zamanin kaset ɗin bidiyo za su tuna cewa shi ma yana da LP, inda na'urar ke rage gudun zaren kaset. A MiniDisc ba haka abin yake ba. Faifan bai ƙara girma ba, sautin ne ake ƙara matsewa.

Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 na bayanai a kowace daƙiƙa. MiniDisc tun asali ba shi da wurin da zai ɗauki wannan, don haka Sony ya ƙirƙiro dabarar matse sauti mai suna ATRAC, wadda ke zubar da abin da kunnen ɗan Adam ba ya cika ji, kamar siririyar ƙarar da wata babbar ƙara ta danne. Da wannan ake saukar da bayanan zuwa kilobit 292 a tsarin SP, kusan kashi ɗaya bisa biyar na CD. MDLP kuwa yana aiki da sabon salo mai suna ATRAC3, inda LP2 ke amfani da kilobit 132, LP4 kuma 66.

Mai lura zai ga cewa rabin 292 ai 146 ne, ba 132 ba. Ragowar ba ɓata ta yi ba. A cikin kowane gungun bayanai mai bayit 212, an ware bayit 20 da gangan domin tsofaffin na'urori: idan suka ci karo da waƙar MDLP sai su karanta ta a matsayin shiru, maimakon su saki ƙarar da za ta iya lalata lasifika. Dabara ce mai kyau, ko da yake ta ci wani kaso na ingancin sautin.

Abin da kunne ke ji

LP2 shi ne inda tsarin ya fi cin nasara. A mota, ko a shago, ko ta abin sauraro na kunne, da wuya mai sauraro ya bambanta shi da SP, sai dai in ya zauna cikin natsuwa gaban lasifika mai kyau.

LP4 wani labari ne daban. Domin kilobit 66 su isa, na'urar tana adana abin da ɓangarorin hagu da dama suka yi tarayya a kai a wuri guda, sannan ta ba bambancin da ke tsakaninsu ɗan ƙaramin kaso. Sakamakon haka faɗin sautin kan tsuke, kayan kiɗa masu siririyar ƙara su dusashe, wani lokaci a ji wata 'yar karkarwa a bayan murya. Ga lacca, taro, hira ko shirin rediyo, wannan ba abin damuwa ba ne, kuma dama nan ne amfaninsa yake. Amma wanda ya kwafe waƙoƙin da ba shi da wani kwafinsu zuwa LP4 ya yi asara, domin abin da aka zubar lokacin matsewa ba ya dawowa ko da an sake juya waƙar zuwa SP.

Matsalar jituwa da tsofaffin na'urori

Duk na'urar da aka ƙera kafin 2000, da ma wasu na bayanta da ba su da tambarin MDLP, ba za su buga LP2 ko LP4 ba. Lambar waƙa za ta bayyana, lokaci ya riƙa tafiya, amma babu sauti. Shi ya sa na'urorin MDLP ke liƙa haruffan "LP:" a gaban sunan waƙar, domin mai tsohuwar na'ura ya gane dalili kada ya ɗauka faifan ne ya lalace. Tsarin mono ba shi da wannan matsalar.

Ana iya cakuɗa SP, LP2 da LP4 a faifai ɗaya, sai dai ba a iya haɗe waƙoƙi biyu masu tsari daban su zama guda, kuma dole a zaɓi tsarin kafin a danna maɓallin ɗauka. Iyakar waƙoƙin da faifai ke ɗauka 254 ne, komai tsarin.

Akwai kuma batun wuta. Na'urar tana rubuta jadawalin abin da ke cikin faifan, wanda ake kira TOC, bayan an gama ɗauka. Idan wuta ta ɗauke kafin a rubuta shi, ana iya rasa ɗaukar gaba ɗaya, kuma a LP4 hakan na iya nufin aikin awa biyar. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ya fi kyau a riƙa tsayar da ɗauka lokaci-lokaci a fitar da faifan domin jadawalin ya rubutu. Mai sayen na'urar gwanjo kuma ya duba bayanta: wadda aka ƙera don kasuwar Japan wutar bolt 100 take sha, don haka sai da taransifoma za a jona ta a Najeriya ko Nijar.

A 2004 Sony ya fito da Hi-MD, mai faifan gigabayit ɗaya, wanda na'urorinsa ke buga tsofaffin faifan MDLP. Sai dai a lokacin MP3 da iPod sun riga sun kwashe kasuwa. Kamfanin ya daina fitar da na'urorin MiniDisc a 2013, ya kuma dakatar da ƙera sabbin faifan a watan Fabrairun 2025. Wanda ke da ɗaukar LP2 ko LP4 a ajiye, to sai da na'urar MDLP mai aiki zai iya kwafe ta zuwa kwamfuta, kuma irin waɗannan na'urori a kasuwar gwanjo kawai ake samunsu yanzu.