Tarihin Yadda Na'urori Ke Gano Junansu

Gano hidima dabara ce da na'ura ke bi ta san abin da ke kusa da ita a layin sadarwa, injin buga takarda ne ko lasifika ko talabijin, ba tare da wani ya saita mata ba. Wahalar ita ce na'urori ba su cika yin sallama ba idan za su tafi. Caji ya ƙare, ko mai waya ya fita da abarsa, sauran kuwa na can suna zaton tana nan.

Kamfanin Apple ya taɓo batun gano hidima tun 1985 da tsarin AppleTalk. Kwamfuta kan zaɓar wa kanta lamba, ta tambaya ko da mai ita, in ta ji shiru ta riƙe. A 1999 kamfanin Sun Microsystems ya fito da Jini, mai dabarar haya: na'ura na yin rajista na ɗan lokaci, in wa'adi ya cika ba ta sabunta ba, a goge sunanta, kamar mai rumfar da ya daina biyan kuɗin wata. Dabarar ta yi, sai dai Jini ya jingina da yaren kwamfuta na Java, ya yi wa ƙananan na'urori nauyi, bai yi kasuwa ba. Kamfanin Microsoft ma ya kawo nasa tsarin, UPnP, a shekarar.

Wanda ya ɗore shi ne mafi sauƙi. A 1999 ɗin hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta kafa kwamitin Zeroconf, Stuart Cheshire na Apple yana cikin jagororinsa. Apple ya saki tsarin Zeroconf ɗinsa a 2002 da sunan Rendezvous, ya mayar da shi Bonjour a 2005. A nan babu mai rajista. Na'urar da ba ta samu mai ba ta adireshi ba sai ta ɗauki wanda ya fara da 169.254, ta yi shela tana neman, misali, injin buga takarda, wanda abin ya shafa ya amsa. Kowace amsa tana da wa'adinta, na'ura mai ladabi kuma in za ta tafi takan aiko da wa'adin sifili, wato ta yi sallama ke nan.

Aibinsa surutu: a wuri mai ɗaruruwan wayoyi, kamar jami'a, shelar kan cika layi. Duk da haka an tabbatar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma tsarin Matter na kayan gida, da ya fito a 2022, da shi yake gano na'urori.